Ƙiyasi Ko Cikakken Lissafi: Wanne Ya Dace Da Mai Kashe Kuɗi?

Duk wanda ya ɗauki kuɗi zai kashe, ko magidanci ne da ya nufi kasuwa cefane, ko ɗan kasuwa da zai saro kaya, ko ma'aikatar gwamnati da za ta ba da kwangila, yana da hanya biyu ta sanin abin da zai fita daga hannunsa. Ta farko ita ce ƙiyasi, wato ya kintaci jimlar a ka, ya ce za ta kai kamar kaza. Ta biyu ita ce cikakken lissafi, wato ya bi farashi ɗaya bayan ɗaya, ya tara, ya haɗa da haraji da la'ada da kuɗin mota, har ya fitar da adadin da babu ragi babu ƙari. Galibin mutane sukan riƙe ɗaya daga cikin hanyoyin nan ne bisa ga ɗabi'arsu. Akwai wanda ko gida zai gina kintace yake yi, akwai kuma wanda kan tsaya jayayya da mai kayan miya a kan Naira ashirin. Na farkon yana hasarar kuɗi, na biyun yana hasarar lokaci.

A halin da tattalin arzikin Nijeriya yake ciki, wannan zaɓi ya wuce batun ɗabi'a. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka ɗaga daga N30,000 zuwa N70,000 a watan Yuli na 2024, shi ne abin da iyalai da yawa suke dogara da shi har wata ya ƙare. Ga mai irin wannan albashi, kuskuren N3,500 a wajen kintace daidai yake da kashi 5 cikin 100 na samunsa, ko kuma abin da zai riƙe gidansa kwana ɗaya da rabi. Ga ƙaramin ɗan kasuwa kuwa, irin wannan kuskure idan ya yi ta maimaituwa, shi ne yake cinye jari ba tare da an ga ɓarawo ba.

Ƙiyasi da cikakken lissafi kayan aiki ne guda biyu, kowanne da wurinsa. Abin da ke nuna wanda ya kamata a ɗauka shi ne girman hasarar da kuskure zai jawo, idan aka gwada ta da wahalar da lissafin zai ci.

Aikin da ƙiyasi yake yi

Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Babban aikin ƙiyasi shi ne gaya wa mai saye ko abin da ke aljihunsa zai isa, tun kafin ya tsaya gaban mai karɓar kuɗi. A ɗauki misalin uwargida da ta zaɓi kaya biyar a kanti, farashinsu N1,850 da N3,400 da N920 da N2,750 da N680. Ainihin jimlar ita ce N9,600. Idan ta ɗaga kowane farashi zuwa ɗari biyar ko dubun da ke gaba, wato N2,000 da N3,500 da N1,000 da N3,000 da N1,000, za ta samu N10,500. Ƙiyasin ya zarce gaskiya da N900, amma wannan ragowa ce da za ta koma gida da ita. Idan kuwa ta bi abin da ido ya fi saurin kamawa, wato lambar farko ta kowane farashi, ta ɗauki N1,850 a matsayin dubu ɗaya da 'yan kai, za ta tara N7,500 kacal. Da N8,000 a jakarta sai ta ga kamar tana da rara, alhali kuwa tana da giɓin N1,600, kuma sai an mai da wasu kayan kan kanta. Saboda haka ne masu kantuna suke son farashi irin su N4,999: sun san ido yakan tsaya a kan huɗun farko. Ƙa'idar da ta fi tsare mutunci ita ce a ɗaga abin kashewa sama, a sauke abin da ake sa ran samu ƙasa.

Aiki na biyu na ƙiyasi shi ne gadin cikakken lissafin kansa. Kalkuleta ba ta kuskure, amma yatsan da ke danna ta yana yi. Wanda ya riga ya kintaci cewa sayayyarsa ba za ta wuce N10,500 ba, da an miƙa masa rasit na N16,900 zai san an buga wani abu sau biyu, ko an juya lambobi. Haka abin yake a wajen aika kuɗi ta waya, inda sifiri ɗaya kan mai da N15,000 ta zama N150,000, dawo da ita kuma sai an yi zarya zuwa banki. Direban da ya san tankinsa ba ya cin fiye da lita 45, idan famfo ya nuna an zuba masa 55, ƙiyasinsa ne ya tona asirin famfon, ko da yake famfon ya fitar da adadi har da kwabo. Sashen Awo da Ma'auni na Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki ta Tarayya yana da alhakin duba sikeli da famfunan mai, sai dai jami'insa ba ya tsaye a kowace tasha. Idon mai saye ne yake nan kullum.

Abubuwan da kan kuɓuce wa ƙiyasi

Abu na farko da mai kintace yakan manta shi ne kuɗin da ba a rubuta a jikin kaya ba. An fara karɓar harajin VAT a Nijeriya a watan Janairu na 1994 a kan kashi 5 cikin 100, aka ƙara shi zuwa kashi 7.5 a watan Fabrairu na 2020, kuma sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025 sun bar shi a haka. Doka ta ɗauke shi daga kan muhimman kayan abinci da magunguna da littattafai, amma yana kan kayan lantarki da kayan ɗaki da ayyuka da yawa. Kayan N200,000 da aka faɗi farashinsu ba tare da harajin ba, N215,000 za a biya. A Jihar Legas, wata doka ta 2009 ta ɗora ƙarin harajin kashi 5 cikin 100 a kan kuɗin otal da gidajen cin abinci, ta yadda masaukin N40,000 zai koma N45,000 idan aka haɗa harajin biyu. Tambaya guda, wato ko farashin ya haɗa da haraji, ta isa ta toshe wannan ƙofa.

Abu na biyu shi ne ƙananan kuɗaɗen da ke fita kullum. Jadawalin cajin bankuna da Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki da shi a watan Janairu na 2020 ya tsayar da N10 a kan aika kuɗin da bai wuce N5,000 ba, N25 daga nan zuwa N50,000, da N50 a kan abin da ya haura haka. Idan aka haɗa da VAT, sun zama N10.75 da N26.88 da N53.75. Har ila yau dokar kuɗi ta 2020 ta sa harajin N50 a kan kowace hada-hada ta banki da ta kai N10,000. Babu mai kintacen da zai damu da N26.88. Amma a ɗauki ɗan kasuwar da ke aika kuɗi sau goma a rana, ana kuma aiko masa sau goma, kowanne tsakanin N10,000 da N50,000, yana buɗe shago kwana 26 a wata. Bisa wannan jadawali, cajin aikawa zai kama N6,988.80, harajin N50 kuma, ko a wajen aikawa ya faɗa masa ko a wajen karɓa, zai kama N13,000. Jimla kusan N20,000 ke nan a wata, fiye da rubu'in mafi ƙarancin albashi. Kazalika a watan Maris na 2025 aka fara cajin N100 a kan cire kuɗi har zuwa N20,000 daga na'urar wani banki daban. Wanda ya ciri N5,000 sau huɗu zai biya N400, wanda ya ciri N20,000 gaba ɗaya zai biya N100. Irin waɗannan kuɗaɗe ba sai an lissafa su kullum ba. Zama ɗaya da takardar bayanin asusu ta wata guda ya isa mutum ya san nauyinsu.

Abu na uku, wanda ya fi sauran haɗari, shi ne hauhawar farashi. Kowane ƙiyasi daga farashin da mutum yake tunawa ake gina shi, kuma idan farashi yana gudu, abin da ake tunawa yakan tsufa da wuri. A 1995 hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 70 cikin 100. A watan Disamba na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana ta a kan kashi 34.80, ma'ana kayan da aka saya N100,000 a Disambar 2023 sun kai kimanin N134,800 bayan shekara guda. Ta ɓangaren abinci ma ta kai kashi 40.87 a watan Yuni na wannan shekara. Litar man fetur da ake sayarwa ƙasa da N200 kafin janye tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, ta kai kusan N500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura N1,000 a Abuja a watan Oktoba na 2024. Magidancin da ya saba ba da kuɗin cefane bisa ga farashin da ya sani shekara biyu da suka wuce, ya koma yana zargin iyalinsa da almubazzaranci, ƙiyasinsa ne ya mutu bai sani ba. Idan farashi yana ƙaruwa da kashi 30 cikin 100 kowace shekara, cefanen N50,000 zai zama na N65,000 bayan shekara ɗaya, na N84,500 bayan biyu. Alƙaluman hauhawar sun yi ta sauka a 2025 bayan da hukumar ta sabunta ma'auninta, amma saukar hauhawa tana nufin farashi ya rage saurin tashi ne, ba wai ya koma inda yake da ba.

Ribar da ba ta shigo ba

Ɗan kasuwa ya fi kowa bukatar sanin inda ƙiyasi ya kamata ya tsaya, domin ribarsa ita ce ɗan siririn bambancin da ke tsakanin manyan adadi biyu. A ɗauki misalin mai awon masara da ya sari buhu a kan N60,000. Ya san ana cewa buhu kwano 40 ne, sai ya raba a ka, ya ce kwano ya tsaya masa N1,500. Ya sa farashi N1,650, yana sa ran ribar N6,000 a kowane buhu. Amma bai sa kuɗin mota N2,000 ba, da na dako N500, da na kasuwa N300, waɗanda suka mai da kuɗin buhun N62,800. Bayan an fitar da tsakuwa da ƙaiƙayi, an yi wa masu saye gyara, kwano 38 ne suka fita. Kwano 38 a kan N1,650 sun ba da N62,700. Mutumin da yake ganin ya ci ribar N6,000 ya yi faɗuwar N100 ne, kuma bai sa ladan zamansa na yini ba. Idan yana cire N6,000 ɗin nan daga kowane buhu yana kai wa gida a matsayin riba, to uwar kuɗi yake ci, kuma bayan buhu goma zai tarar da kuɗin buhu guda sun ɓace. Kuskuren bai kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin buhu ba, amma ya cinye ribar baki ɗaya. Wannan shi ya sa farashin da kaya suka tsaya wa mai su yake cikin abubuwan da ba a kintata. Ana auna buhu ɗaya har ƙarshe, a rubuta duk abin da aka kashe a kansa, sannan a sa farashi.

Bashi ma haka yake. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kowa ne yake sanin nawa zai biya ba. Masu ba da rance sukan ce kuɗin ruwa kashi 5 ne cikin 100 a wata, wanda a kunne ƙarami ne, alhali kashi 60 ne a shekara. Akwai kuma hanya biyu ta lissafa shi. Wanda ya ranci N100,000 zai biya cikin wata shida, idan ana ɗora ruwan a kan dukan kuɗin da aka ba shi tun farko har ƙarshe, zai biya ruwan N30,000. Idan kuwa ana ɗora shi a kan abin da ya rage kawai, yana rage uwar kuɗin daidai wa daida kowane wata, ruwan N17,500 ne. Kashi ɗaya ne aka ambata a duka biyun, amma bambancin ya kai N12,500, ban da kuɗin fom da na inshora da akan cire kafin kuɗin su shiga hannu. Mai karɓar rance ya kamata ya nemi adadi biyu a rubuce: nawa zai shiga hannunsa yau, nawa ne kuma jimlar abin da zai biya. Ko mai adashin kullum da ke ɗaukar zubin rana ɗaya a wata a matsayin ladansa, kimanin kashi 3 cikin 100 na ajiyar yake karɓa, kuma gwamma mai zubi ya san haka kafin ya yanke shawarar ko tsaron da yake samu ya cancanci kuɗin.

Idan wani ne ya yi ƙiyasin

Akwai bambanci tsakanin ƙiyasin da mutum ya yi wa kansa da wanda mai karɓar kuɗinsa ya yi masa. Lokacin da aka fito da Naira a ranar 1 ga Janairu, 1973, akwai kwandalar rabin kwabo, da ta kwabo 1 da 5 da 10 da 25, saboda haka ana iya biyan kowane farashi daidai. A 2007 Babban Banki ya fitar da sababbin kwandaloli na kwabo 50 da N1 da N2, amma kasuwa ba ta karɓe su ba. A yau ko takardun N5 da N10 da wuya a sayi wani abu da su, kuma a kasuwanni da yawa farashi yana tafiya ne da hamsin-hamsin ko ɗari-ɗari. Sakamakon haka shi ne cike adadi ya zama dole, kuma galibi mai sayarwa ne yake cikewa zuwa sama, ko ya ba da alawa a madadin canji. Rashin ƙananan kuɗi yana sa farashin ƙananan kaya ya yi tsalle maimakon ya taka: ledar ruwa da ta tashi daga N5 ba ta tsaya a N6 ba, N10 ta koma, wato ninki biyu. Biya ta waya yana kawar da matsalar canji, sai dai shi ma yana da cajinsa kamar yadda aka nuna a baya.

Ma'aunan kasuwa su ma ƙiyasi ne da aka saba da shi har aka ɗauke shi tabbas. Mudu da tiya a Arewa, kongo a kasuwar Bodija ta Ibadan, derika da bokitin fenti a kasuwannin Legas, babu wanda yake da nauyi guda a ko'ina. Na wannan kasuwa ya bambanta da na waccan, akwai mai tozo akwai shafaffe, akwai kuma wanda aka buga wa gindi ya shige ciki. Ga mai sayen kwano ɗaya bambancin ba ya da yawa. Ga mai gidan abinci ko makarantar kwana da ke sayen kwano ɗari, sikeli ya fi ciniki amfani, domin ragin N50 da aka samu da baki yana iya komawa ta gindin mudu.

Babban misali a wannan fanni shi ne kuɗin wutar lantarki. Tun bayan da aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu a watan Nuwamba na 2013, ɗaya daga cikin ƙorafe-ƙorafen da suka fi yawa daga jama'a shi ne na takardar kuɗin wuta ta kintace, wadda ake kawo wa gidan da ba shi da mita. A watan Fabrairu na 2020 Hukumar Kula da Harkokin Lantarki ta Ƙasa ta ba da umurnin sa iyaka ga abin da za a iya kintata wa irin waɗannan gidaje, aka kuma ƙaddamar da shirin raba mitoci a wannan shekara, amma har ƙarshen 2024 kusan rabin masu rajista ba su da mita. Illar kintacen ba ta tsaya ga yawan kuɗin ba. Wanda ake kintata wa ba shi da dalilin kashe fitila, tunda ko ya kashe ko bai kashe ba abin da zai biya ɗaya ne. Mai mita kuwa yana iya lissafi. A farashin N225 kowane yunit da aka sa wa rukunin A a watan Afrilu na 2024, ƙwan fitila mai wat 60 da ke ci awa goma a rana zai sha N4,050 a wata, mai wat 10 kuma N675. Sanin wannan adadi shi ne yake sa mutum ya canja ƙwan.

Inda cikakken adadi yake yaudara

Duk da haka, akwai wuraren da cikakken adadi yake zama ruɗi, wato duk inda ake maganar abin da bai faru ba tukuna. Gwamnatin Tarayya kanta da ƙiyasi take fara shekara. Sashe na 81 na Tsarin Mulkin 1999 ya umurci Shugaban Ƙasa ya gabatar wa Majalisar Tarayya ƙiyasin kuɗaɗen shiga da na kashewa, sashe na 85 kuma ya ɗora wa Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya bin diddigin abin da aka kashe daga baya. Ƙiyasi ne a gaba, lissafi a baya. Kasafin 2020 an gina shi ne a kan cewa za a sayar da gangar ɗanyen mai Dala 57, amma da annobar korona ta karya kasuwar mai, sai aka sake kasafin a watan Yuli na shekarar a kan Dala 28. Kowane layi na kasafin farko an rubuta shi da adadi har zuwa Naira ta ƙarshe, amma harsashin da aka ɗora su a kai zato ne, kuma da zaton ya rushe sai adadin suka bi shi.

Darasin ya shafi kowa. Mai ginin da aka ba takardar kayan aiki mai jimla kamar N8,437,250 yakan ɗauka an gama magana saboda tsantsenin adadin, alhali an lissafa shi ne a kan farashin ranar da aka rubuta. A farkon 2024 buhun siminti ya haura N10,000 a wurare da dama, bayan 'yan watanni kafin nan ana sayensa ƙasa da N6,000. Saboda irin haka ne masu ƙididdigar gini suke ware kashi 5 zuwa 10 cikin 100 domin abin da ba a zata ba, kuma a lokacin hauhawar farashi ko wannan yakan gaza. Maniyyatan 2024 da suka biya kimanin Naira miliyan 4.9 sun ga haka, lokacin da Hukumar Alhazai ta nemi ƙarin kimanin Naira miliyan 1.9 a watan Maris saboda faɗuwar darajar Naira. Ɗan kasuwar da ke loda tumatir daga Kano ko Kaduna zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas ya san kuɗin kwando da na mota daidai, amma bai san kwando nawa za su ruɓe a hanya ba, bai kuma san motoci nawa za su riga shi shiga kasuwa ba. A nan ƙiyasi mai faɗi shi ne gaskiya: a fitar da adadi biyu, na in abu ya yi kyau da na in ya ɓaci, a tabbatar ana iya ɗaukar na biyun kafin a sa kuɗi.

Yadda za a zaɓa

Tambayoyi huɗu suna iya raba gardama a kusan kowane hali. Ta farko: idan ƙiyasin ya kuskure, nawa za a rasa, kuma mene ne girmansa a gaban samun mutum? Kuskuren N500 ba kome ba ne ga mai sayen mota, amma abincin rana ne ga lebura. Ta biyu: sau ɗaya za a kashe kuɗin, ko za a yi ta maimaitawa? Kuɗin mota zuwa wurin aiki, katin waya, cajin banki da man janareta suna bukatar cikakken lissafi ko da sau ɗaya ne a wata uku, domin ana ninka kuskurensu da yawan kwanaki. Ta uku: ana iya gyarawa daga baya? Kayan miya da suka gaza ana ƙarawa gobe, amma yarjejeniyar haya ko ta rance da aka sa wa hannu ba ta komawa baya. Ta huɗu: kuɗin na wane ne, kuma wa ya yi ƙiyasin? Kuɗin ƙungiya, na marayu, na abokin tarayya ko na ofis amana ne, kuma ba a ba da bayanin amana da cewa ya kai kamar kaza. Haka nan duk ƙiyasin da ya fito daga bakin wanda zai karɓi kuɗin, ya kamata a nemi a ga yadda aka kai gare shi.

A aikace hanyoyin biyu suna ciyar da juna. Magidancin da ya rubuta duk abin da gidansa ya kashe har tsawon wata guda, da littafin makaranta da biro, ya sami farashin gaskiya da zai riƙa kintace da su na wasu watanni ba tare da ya sake rubutu kullum ba. Idan farashi yana tsaye, zai iya barin wata shida kafin ya maimaita. Idan yana gudu kamar yadda ya yi a 2023 da 2024, wata uku ma ya yi yawa. Ɗan kasuwa kuma ya ƙirga kayansa da kuɗinsa da basussukan da yake bi a rana guda tsayayya kowane wata, kafin ya ciri ko sisi a matsayin riba. Tsakanin waɗannan ranaku ido ya isa ya yi aikinsa, muddin an san yaushe aka gwada shi da mudu a karo na ƙarshe.